Jere a Kan Allo: Tsara Shimfiɗun Bayanan Rigakafi a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Gabatarwa

A al'adar Hausawa, ranar jere ba a barin kayan amarya a hannun kowa. Gwaggwanni da ƙannen uwa ne ke shiga ɗaki su turo ƙofa, su yanke shawarar abin da zai zauna a ƙasa da wanda zai hau bisa: leda ko kafet tukuna, sannan gado da kujeru, sannan kwalla da tangaran a cikin kabad. Duk wanda ya leƙo washegari zai ce ya ga ɗakin amarya, alhali abin da ya gani shi ne shawarar masu jere. Kwanon da ya lotse yana nan, an dai tura shi baya.

Irin wannan aiki ya sami sabon mazauni a cikin kwamfuta. A ofisoshin lafiya da na agaji a Kano, da wuya yanzu a zauna babban taro ba a haska allon bayanai a bango ba. Shafi ne guda da aka raba taga-taga: wata na ɗauke da taswira, wata da jadawali, wata da lamba ɗaya ƙatuwa. Allon yana amsa taɓi. Idan aka danna sunan mazaɓa, sai sauran tagogin su juya su koma magana a kanta. Ita kuwa taswirar hawa-hawa take, an shimfiɗa wani bayani a kan wani, ana iya yaye na sama a ga na ƙasa. Turawa sun aro sunan wannan allo daga katakon da ake kafawa a gaban keken doki don tare taɓon da kofato ke watsowa. Da mota ta zo, sunan ya koma kan allon da ke gaban direba, mai nuna gudu da mai da zafin inji, daga nan kuma ya shigo ofis.

Akasarin masu kallon allon suna ɗaukar sa tamkar madubi, wai abin da ke ƙasa shi yake nunawa. Sukan manta akwai mai jere. Wani ne ya zaɓi abin da zai hau sama, ya zaɓi launinsa da sunansa, ya kuma zaɓi abin da zai zauna a kashe. Idan allon na rigakafin yara ne, wannan zaɓi yana iya zama dalilin da za a koma wa wani yaro gobe, ko a wuce shi.

Daga famfon Landan zuwa lungunan Kano

Ɗora bayani a kan bayani ya girmi kwamfuta. A 1854, lokacin annobar kwalara a unguwar Soho ta Landan, likita John Snow ya ɗauki taswirar tituna ya yi alama a gidajen da aka yi rasuwa, ya kuma nuna wuraren da famfunan ruwa suke. Da bayanan biyu suka haɗu a takarda ɗaya, sai aka ga mace-macen sun yi wa famfon titin Broad zobe. A 1969 Ian McHarg ya bayyana a littafinsa Design with Nature yadda yake zana kowane bayani a takarda mai shara-shara, ya jera su a kan juna ya duba. A shekarun 1960 ɗin ne kuma Roger Tomlinson ya jagoranci shigar da irin wannan aiki cikin kwamfuta a Kanada. Duniya gaba ɗaya ta saba da allon a Janairun 2020, da Jami'ar Johns Hopkins ta fitar da nata na cutar korona mai jajayen ɗigogi.

Kano ta riga wannan lokaci sanin allon, kuma cutar shan inna ce ta kawo mata shi. A 2003 jihar ta dakatar da ɗigon rigakafi saboda zargin cewa an gurɓata shi, ba a ci gaba ba sai a watan Yulin 2004. Zargin ya sami gindin zama ne domin mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara kimanin 200 a lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. A tsakanin nan ƙwayar cutar ta bazu zuwa wasu ƙasashe, har Yaman da Indunusiya. A 2012 Nijeriya ta sami yara 122 da cutar ta kama. A ƙarshen shekarar aka buɗe cibiyar ayyukan gaggawa ta ƙasa a Abuja, ta Kano kuma ta biyo baya a 2013, da tallafin Gidauniyar Bill da Melinda Gates da aikin ƙungiyar eHealth Africa mai babban ofishi a Kano.

Kafin nan, ayarin masu ɗigo da taswirar hannu suke fita, wadda wani ya zana da biro gwargwadon abin da ya tuna. Sai aka sake zana mazaɓu daga hotunan tauraron ɗan'adam, aka kuma ba ayarin wayoyin salula masu GPS da ke rubuta inda mutum yake duk bayan minti biyu. An yanka cikin gari gida-gida kamar gurabun dara, kowane gurbi mita 50 a tsaye, mita 50 a kwance. Da yamma a tattara wayoyin a zuba sawunsu a kwamfuta, gurbin da aka taka ya sauya launi. Adadin masu cutar ya sauko zuwa 53 a 2013, ya koma 6 a 2014. Yaro na ƙarshe da ainihin ƙwayar ta kama a Jihar Kano an same shi ne a Sumaila a Yulin 2014, kuma a ranar 25 ga Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da ita. Zagayen rigakafi dai bai tsaya ba, allon ma bai sauka daga bango ba.

Mai jere

Daga cikin waɗanda suka gaji wannan aiki akwai wata matashiya haifaffiyar Gyaɗi-Gyaɗi, wadda ta tashi a wani lungu da ke tsakanin Titin Zariya da Court Road, inda ake jiyo jiniyar motocin da ke shiga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ta karanci kimiyyar kwamfuta, ta sami aiki a wani ofishi mai taimaka wa ma'aikatan lafiya da sarrafa bayanai. Aikin da aka ɗora mata shi ne ta tsara allon da za a riƙa dubawa a taron bita na yamma, wanda zai ƙunshi mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Tarauni: Babban Giji, Darmanawa, Daurawa, Gyaɗi-Gyaɗi Arewa, Gyaɗi-Gyaɗi Kudu, Hotoro, Ƙauyen Alu, Tarauni, Unguwa Uku da Unguwar Gano.

Tana da abin da abokan aikinta da yawa ba su da shi. Gwaggonta, yayar mahaifinta, ta shafe shekaru tana cikin masu ɗigo, tana rataye da akwatin sanyi, da alli a hannu don yi wa bango alama, da alƙalamin da ake shafa wa yaro a ƙaramin yatsan hagu. Mata ne ke wannan aiki, domin namiji iyakarsa soro, inda aka rubuta "ba shiga". Saboda haka matashiyar tana da malamai biyu: manhajar da ke ofis, da Gwaggo da ke gida. Na farko ya koya mata yadda ake ƙara shimfiɗa, ta biyu kuma ta koya mata abin da shimfiɗa ke iya rufewa.

Shimfiɗar ƙasa

Ƙa'idar jeren taswira ba ta da wuyar faɗa. Abin da ya fi faɗi shi ke zama a ƙasa, wato hoton tauraro. A kansa a ɗora filaye masu iyaka, kamar mazaɓu da unguwanni. Sannan layuka, irin su tituna da magudanan ruwa da sawun ayari. A can sama a ɗora ɗigogi: asibiti, makaranta, masallaci, kasuwa, tashar mota. Idan aka birkita jerin, fili mai launi ya hau kan ɗigo, to ɗigon ya ɓace daga ido ko da yana cikin kwamfuta. A gefen taswirar akwai jerin sunayen shimfiɗun, ana jan ɗaya a kai shi sama ko ƙasa, ana kunna shi ana kashe shi, ana rage masa kauri har a hango abin da ke ƙarƙashinsa.

Ta fara da hoton tauraro, ta ga unguwarsu kamar yadda shirwa ke ganinta. Rufin kwano ya haɗe da rufin kwano, lungunan sun zama siraran zare, wasu ma inuwa ta cinye su. Ta nemo gidansu ta samu. Sai ta duba gidan hayan da ke maƙwabtaka da su, wanda ta san ɗaki-ɗaki, kowane da iyalinsa da murhunsa, ta ga rufi ɗaya ne a hoto, daidai da na wani gida a Hotoro da mutum huɗu ke ciki. Tauraro yana ƙirga rufi, ba ya ƙirga goyo. Hausawa sun riga sun faɗa, hangen Dala ba shiga birni ba.

Shimfiɗar iyaka ta zo da tata matsalar. Layin mazaɓa a kwamfuta miƙaƙƙe ne mai tsabta, amma mutanen lungu ba da shi suke sanin kansu ba. Su sun san mai unguwarsu, sun san dagacinsu, sun san masallacin da suke Juma'a. Akwai layukan gidaje a bakin iyakar Tarauni da Kumbotso, ko da Nasarawa, ko da Birni, waɗanda kowane ayari zai iya ɗauka na ɗan'uwansa ne. Yaran da ke kan iyaka su ne aka fi saurin tsallakewa. Don haka ta ƙi cike mazaɓun da launi, ta bar su layi kawai, ta kuma ƙara shimfiɗa ta musamman mai nuna gurabun da iyaka ta ratsa, domin a tambayi ayari biyu tun da safe wanda zai shiga.

Mafi nauyin shimfiɗun ƙasa ita ce wadda ba a gani, wato yawan jama'a. Ƙidayar 2006 ta ba Tarauni mutum 221,367 a fili mai murabba'in kilomita 28, kuma Nijeriya ba ta sake yin ƙidaya ba tun daga lokacin. Duk adadin da ake aiki da shi ƙiyasi ne da aka gina a kan wancan. A tsawon shekarun nan gonaki sun zama gidaje, gidaje sun zama shaguna, baƙi sun shigo, wasu sun tashi. Shi ya sa wani lokaci lissafi ke nuna an yi wa yara ɗari da goma cikin ɗari rigakafi, abin da hankali ba zai ɗauka ba. Ba ta da ikon gyara ƙidaya. Abin da ta iya shi ne ta rubuta a ƙarƙashin kowane kaso inda aka samo jimillar da aka raba da ita, da shekararta, don mai kallo ya san a kan wace irin ƙasa aka kafa ginin.

Koren da ke rufe ido

Shimfiɗar da manya suka fi so ita ce ta sawun ayari. Gurbin da waya ta shiga yana komawa kore, wanda ba ta shiga ba ya zauna ja. A rana ta ƙarshe ta zagaye, idan taswira ta yi kore shar, sai fuskoki su saki a ɗakin taro. A tsarin da ta tarar, wannan shimfiɗa ce a can sama, da cikakken kaurinta, kuma sunan da aka ba ta shi ne "An kammala".

Wani dare ta buɗe kwamfutar a tsakar gida, Gwaggo na gefe tana jiƙa ƙafafunta a ruwan ɗumi. Ta nuna mata Gyaɗi-Gyaɗi Kudu ta ce, "Gwaggo, kin ga aikinku. Ko'ina ya yi kore."

Gwaggo ta matso ta ƙura ido, ta sa aka nuna mata masallaci da injin markaɗe har ta gane lungun, sannan ta ɗora yatsa a kan wani gurbi. "Ke 'yar nan, nan ai ban shiga ba. Gida uku ne a jere. Na farko sun tafi suna Darmanawa da yaran duka. Na biyu maigidan ya bar sallahu kada a buɗe. Na uku yaron na barci, uwar ta ce sai dai gobe."

"Amma waya ta nuna kin je."

"Zuwa kam na je. Wayar nan a aljihu take, ba ta da ido, ba ta da kunne. Ta san na tsaya a ƙofar gida, ba ta san ko an ce mini bismilla ba."

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gurbi mai mita 50 a lungun Gyaɗi-Gyaɗi yana iya ɗaukar gidaje da dama, kuma taku ɗaya a gefensa ya isa ya mayar da shi kore. Bayanin gidajen nan uku bai ɓata ba. Gwaggo ta rubuta shi a takardar ƙirga, ta kuma yi alamarsa da alli a bango, an shigar da shi kwamfuta, yana nan a matsayin ɗigogi. Sai dai an ajiye shi a ƙarƙashin koren, ga shi kore mai kauri ba ya barin komai ya leƙo.

Gyara uku ta yi, babu wanda ya ɗauke ta minti goma. Ta jawo shimfiɗar yaran da ba a samu ba ta kai ta sama da komai. Ta rage kaurin koren har rufin gidaje ya riƙa bayyana ta cikinsa. Sannan ta goge sunan "An kammala" ta rubuta "An bi ta nan". Wannan na ƙarshe shi ya fi jawo magana a ofis, domin sabon sunan ba shi da daɗin ji kamar tsohon. Ta tsaya a kan cewa waya shaidar ƙafa take bayarwa, shaidar ɗigo kuwa tana a yatsan yaro.

Bayan haka ta raba ɗigogin gida uku a ƙarƙashin kai ɗaya, saboda kowane da maganinsa. Yaron da ba ya gida, ko yana Islamiyya, ko an goya shi zuwa kasuwar Tarauni, ko an tafi da shi biki, komawa kawai yake bukata a lokacin da ya dace. Gidan da ba a buɗe ba, irin na masu get da maigadi inda ake cewa Alhaji ba ya nan, waya yake bukata daga wanda Alhaji zai ɗaga wa. Gidan da aka ƙi kuwa zama yake bukata. Idan aka haɗe su launi ɗaya, sai a aika mai unguwa inda ake neman komawa kawai, a aika yarinya mai akwati inda ake neman dattijo.

Shimfiɗar da aka kulle

A kan gidajen da suka ƙi ne aka yi mata tambaya mafi wuya. Wani na gaba da ita ya nemi a sa jan ɗigo a kan kowane irin wannan gida, a haska a babban taro, domin kowa ya ga inda matsala take. Manhaja ba za ta ƙi ba, danna biyu ne.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "allon nan ana ɗaukar hotonsa da waya. Kafin magariba ya zaga WhatsApp. Mutumin da ya ga an yi wa rufin gidansa jan tabo a gaban jama'a, anya zai buɗe mana ƙofa a zagaye na gaba?"

Ta san mutanen da ake magana a kansu, wasu ma tana gaishe su da safe. Daga ciki akwai wanda yake tambayar dalilin da ake biyo shi da ɗigo kyauta har gida, alhali ranar da zazzaɓi ya kama ɗansa sai da ya ci bashin kuɗin magani. Akwai wanda kwatar lungunsu ta toshe shekara da shekaru, ya ga ƙin ɗigo ne kaɗai abin da zai sa hukuma ta tako ƙafa ta saurare shi. Akwai wanda labarin 1996 bai bar zuciyarsa ba. Jan ɗigo ba ya ɗaukar ko ɗaya daga cikin waɗannan dalilai, hukunci kawai yake yankewa.

Abin da aka daidaita a kai shi ne shimfiɗar ta zama hawa biyu. A allon da kowa ke gani, adadi kawai ake nunawa a matakin unguwa. Bayanin gida-gida kuma aka kulle shi, ba mai buɗewa sai 'yan ayarin da za su koma tare da mai unguwa ko limami ko wata dattijuwa da ake jin maganarta.

Haka ta yi wa sawun matan su kansu. A Tarauni wannan ba ya bukatar dogon bayani. A ranar Juma'a 8 ga Fabrairun 2013 'yan bindiga sun kai hari a wuraren shan magani biyu, ɗaya a yankin Unguwa Uku, ɗaya a Hotoro, suka kashe aƙalla mutum tara, akasarinsu mata masu aikin rigakafi. Gwaggo tana cikin aikin a wancan lokaci, kuma har yau idan zancen ya taso, addu'a take yi ta sauya magana. Layin da ke nuna hanyar da mace ke bi kullum, da lokacin fitarta da na komawarta, bayani ne mai amfani ga mai duba aiki, kuma mai amfani ga wanda ke nufin ta da sharri. Saboda haka allon taro gurabu kawai yake nunawa, ba ya nuna zaren tafiyar kowa, ba ya kuma ɗauke da sunan kowace mace.

Tagogi da kallon farko

Taswira taga ɗaya ce cikin tagogi. Sauran ma sai an jera su, kuma a nan ne kwaɗayi ke shigowa. Duk babban da ya ga allon sai ya nemi a ƙara masa tasa: wannan na son adadin kwalaben da aka yi amfani da su, wancan na son kwatanci da bara, wani na son hoton buɗe taro. Allon da aka cika wa kaya yakan koma kamar shagon da babu wurin tsayawa. Masanin kwamfuta Ben Shneiderman ya ba da shawara a 1996 wadda har yau ake bi, cewa a fara nuna wa mutum hoton gaba ɗaya, a ba shi damar matsowa da tacewa, dalla-dalla kuma ta jira sai ya nema. Bisa wannan ta bar tagogi huɗu a shafin farko, ta mayar da saura shafuka na baya, ta ɗaure su duka da jerin mazaɓu, yadda danna Unguwar Gano sau ɗaya zai juya kowace taga zuwa Unguwar Gano.

Ta lura kuma cewa yawancin masu amfani da allon ba a bango suke ganinsa ba. Jami'in mazaɓa a wayarsa yake buɗewa, a cikin adaidaita sahu, da ɗan guntun data da cajin da ya kusa ƙarewa. A waya tagogin ba sa zama gefe da gefe, layi ɗaya suke bi daga sama zuwa ƙasa, kuma mai gaggawa ba ya wuce ta farko. Tambayar ke nan ita ce wace lamba za ta zauna a can.

Al'ada ita ce a sa kason yaran da aka samu. Kashi 95 cikin ɗari lamba ce mai sanyaya rai. Amma masu tsara rigakafin shan inna a Nijeriya suna ɗaukar yara 'yan ƙasa da shekara biyar a matsayin kashi 20 cikin ɗari na jama'a. Ko da an tsaya a lissafin 2006, wannan ya haura yara 44,000 a Tarauni, kuma kashi biyar ɗin da ya rage ya haura yara 2,200. Lissafi ɗaya ne, fuska biyu: ɗaya na cewa a tashi taro, ɗaya na cewa gobe da sassafe. Ta sa adadin yaran da ba a samu ba a taga ta farko, kason ya biyo a ta biyu. A ƙasan kowace taga ta sa ranar da sa'ar da bayanin ya shigo, domin idan wuta ko intanet ta yanke, allo ba ya yin duhu, lambobin shekaranjiya yake ci gaba da nunawa da fuskar na yau.

Annobar mashaƙo da ta ɓulla a ƙarshen 2022, wadda Kano ta fi kowace jiha jin jiki da ita a 2023, ta ƙara mata wani darasi. Rigakafin mashaƙo yana cikin allurar da ake yi wa jariri sau uku a asibiti, a mako na 6 da na 10 da na 14, kuma hukumomin lafiya sun bayyana cewa akasarin waɗanda suka kamu ba su sami cikakkiyar allurar ba. A allonta akwai shimfiɗar jariran da aka fara wa allura ba a ƙarasa ba. Ta daɗe a ƙasan jeri, a kashe, domin hankalin kowa na kan zagayen ɗigo. Babu wanda ya ɓoye ta, kowa na iya kunnawa, amma abin da sai an kunna shi kafin a gani, kaɗan ne ke ganinsa. Tun daga lokacin ta zama cikin shimfiɗun da ke kunne da zarar an buɗe allon.

Kammalawa

Ƙara shimfiɗa a allon bayanai abu ne da ɗalibi zai koya a yini guda. Abin da ke ɗaukar shekaru shi ne sanin wadda za ta hau sama, wadda za a rage wa kauri, wadda za a kulle, da sunan gaskiya da za a ba kowace. Wannan sani ba a cikin manhaja yake ba. Yana wurin matan da suka san wace ƙofa ce ake buɗewa bayan la'asar, da masu unguwannin da suka san dalilin fushin kowane maigida. Jami'o'in da ke yaye masu tsara irin waɗannan alluna za su yi wa al'umma gata idan suka sa ɗalibi ya bi ayari ko da yini ɗaya ne, ya ga gurbi mai mita 50 da ƙafarsa kafin a ba shi ikon shafa masa launi.

Matashiyar tana auna allonta da abin da ke faruwa bayan an tashi daga taro. Da yamma ɗigo uku na nan a saman kore a wani lungu na Gyaɗi-Gyaɗi Kudu. Da safe Gwaggo ta rataya akwatinta ta koma. Masu suna sun dawo daga Darmanawa, mai barci ya farka, gida na tsakiya kuma mai unguwa ya riga ta isa, yana zaune a soro suna gaisawa da maigidan. Ta yi sallama, ta tsaya jiran amsa.